Shekara biyu a kan magani ɗaya

A makon nan na miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje, amma kwalbar GSK2606414 ɗin nan, maganin da ke toshe furotin mai suna PERK, har yanzu tana tsaye mini a rai.

Duk wanda ya yi aiki a kan tantanin endofilasmik retikulum, wato sashen ƙwayar halitta inda ake naɗe furotin, ya san furotin uku masu gadinsa: IRE1, PERK da ATF6. Idan furotin da ba su naɗu daidai ba suka taru, PERK ne ke taka birki a rage ƙera sababbi. Birkin nan yana taimaka wa ƙwayoyin kansa su jure ƙarancin iskar oksijin, a ƙwaƙwalwa kuwa idan ya daɗe a take sai ƙwayoyin jijiya su fara mutuwa. Da tawagar Giovanna Mallucci ta nuna a 2013 cewa maganin ya kare ƙwaƙwalwar ɓeraye masu cutar firiyon (cutar ƙwaƙwalwa da furotin da bai naɗu daidai ba ke jawowa), da yawanmu mun ɗauka an gano bakin zaren.

Ni ma na zuba shi a kan ƙwayoyin jijiyar da nake reno, suka daina mutuwa. Na rubuta cewa toshe PERK ne ya cece su. Sau ɗaya tak na ce, "Farfesa, da mun kashe ƙwayar gadon PERK ɗin mun gani ko sakamakon zai tsaya." Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Kai dai kawo mini alƙaluma, lokaci na tafiya." Na yi shiru, kuma gaskiya ba don tsoronsa kawai ba. Sakamakon ya yi mini daɗi, ban so a taɓa shi.

A 2017 aka wallafa cewa maganin yana toshe RIPK1 ma, furotin da ke da hannu kai tsaye a mutuwar ƙwayoyin halitta. Na koma na yi gwajin da na tsallake. Ƙwayoyin da na raba da PERK, maganin ya cece su kamar sauran. Na daɗe zaune gaban madubin ƙara girma ina sake ƙirgawa, hannuna na rawa.

A taron sashe Farfesa ya ce ɗalibin ne bai yi taka-tsantsan ba. Babu takarda ko saƙo da zan nuna, don da baki na faɗa masa. Tun daga ranar duk shawarar da na ba na gaba da ni sai na rubuta ta da kwanan wata.

Sauran darussan ba su da tsawo. Furotin da ka toshe a ƙwaƙwalwa yana da aiki a wani wuri: ɓerayen 2013 sun rame, sukarin jininsu ya hau, kuma ciwon Wolcott-Rallison, ciwon gado da lalacewar ƙwayar gadon PERK ke jawowa, ya riga ya nuna cewa ƙwayoyin da ke samar da insulin ba sa jure rashin PERK.

Ɗalibar da ta gaji firizata ta tambaye ni da wane magani za ta fara. Na nuna mata akwati na uku, inda na adana ƙwayoyin da ba su da PERK, na ce ta narkar da su tukuna.