Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Hanyar Kai Ƙara Daga Gidan Sistoci

'Yan'uwa, a makon jiya mun tsaya a shekarun horo kafin alkawarin farko, wato rantsuwar farko ta zama sista. Wannan makon zan ajiye labarina gefe, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai an san yadda ƙarar cin zarafi take tafiya a cikin Ikilisiyar Katolika, da inda take maƙalewa.

Matsalar tsohuwa ce. Tun 1994 Sista Maura O'Donohue ta rubuta wa Batikan rahoto kan fadoji (limaman Katolika) masu lalata da sistoci a ƙasashe 23, yawancinsu a Afirka, amma duniya ba ta ji ba sai 2001. A Fabrairun 2019 Paparoma Francis ya amsa da bakinsa cewa abin yana faruwa, kuma a watan ne Sista Veronica Openibo, 'yar Najeriya, ta tsaya gaban bishop-bishop a Rum ta soki shirun da aka daɗe ana yi. A watan Mayun shekarar Paparoma ya fitar da dokar Vos estis lux mundi, aka sabunta ta a 2023. Ita ce ta wajabta wa kowane fada, brada da sista kai rahoto idan suna da dalilin zaton an yi lalata da wanda bai kai 18 ba, ko da babba mai rauni, ko an tilasta wa wani ta ƙarfi, barazana ko amfani da matsayi. Rufa laifin ma abin kai ƙara ne.

'Yar'uwa, idan abin sabo ne, asibiti ne farko. Maganin kariya daga HIV yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Kada ki wanke tufafin; ki sa su a jakar takarda, domin leda tana riƙe damshi ta lalata shaida. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama da aka buɗe don irin wannan. Zuwa wurin 'yan sanda kuwa haƙƙinki ne, dokar Ikilisiya ba ta hana ba, kuma ba kya buƙatar izinin kowa.

Sai rubutu. Ki sa rana, wuri, wanda ya yi, abin da ya yi da kalmomi tsirara, wanda ya gani ko kika faɗa wa. Abin da kika gani daban, abin da kika ji a bakin wani daban. Idan kika cakuɗa su, da ɗaya za a rushe ɗayan. Ki ɗauki hoton saƙonnin waya da lambar a jiki. Ki yi kwafi biyu, ɗaya ki ajiye wajen gidan, wurin wanda kika yarda da shi. Ana duba ƙarar da ba suna, amma da wuya ta yi nisa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wa za a ba. Yawancinmu mun saba komai sai ta hannun shugabar gida, ita kuma sau da yawa abin da za ta ce shi ne a yi haƙuri, a yi addu'a, kada a ɓata sunan ƙungiya. Faɗa mata ba laifi ba ne, sai dai bai sauke nauyin ba. Doka ta ce a kai wa bishop na inda abin ya faru, ko ofishin karɓar ƙara da aka umurci kowace dayosis (yankin da bishop ke shugabanta) ta buɗe. Idan fadan ɗan wata ƙungiya ce, a rubuta wa babban shugabansa ma. Idan bishop ɗin ne ake zargi, takarda ta tafi wurin akbishop, wato babban bishop na lardin (ga Zariya, Kano, Sakkwato ko Kafanchan, na Kaduna ne) da ofishin jakadan Paparoma a Abuja. Ki nemi a buga wa kwafinki hatimi da kwanan wata. Takardar da ba shaidar karɓa, gobe za a ce ba a gan ta ba.

Kada ki ɗauka faɗa wa fada a wurin furta zunubi kai ƙara ne. Fadan da ya ji a can an ɗaure bakinsa, ko kashe shi za a yi ba zai furta ba. Sai kin maimaita a waje.

Da takarda ta isa, bishop zai buɗe binciken farko bisa sashe na 1717 na kundin dokar Ikilisiya, kuma sashe na 1722 ya ba shi ikon dakatar da wanda ake zargi daga aiki kafin a gama. Sauya masa farish (cocin da yake aiki) kawai ba mataki ba ne, kai matsalar wani gari ne. Idan fada ne kuma yaro ko yarinya aka taɓa, dole fayil ya tafi Rum, ofishin kula da koyarwar bangaskiya, kuma wa'adin ƙara shekara 20 ne daga ranar da wanda aka cuta ya cika 18, wato har ya kai 38. Rum tana iya ɗage wa'adin.

Ba wanda ke da ikon sa ki rantse za ki yi shiru. Ramuwar gayya ma haramun ce, amma tana zuwa a lulluɓe: canjin gida ba zato, janye kuɗin makaranta, jinkirta alkawari. Wadda ke cikin horo da mai alkawarin wucin gadi su suka fi shan wannan, tunda ana iya sallamarsu a ce ba su da kiran zama sista. Ki rubuta kowanne da ranarsa, ki aika wa wanda ya karɓi ƙarar farko.

Mako mai zuwa za mu koma kan shekarar alkawarin farko.