Ranar da muka ɗora wa bindigar Kawu madubi

Asabar, Jidda.

Tun bayan sallar asuba Kawu ya taso daga Makka shi da autansa, bindigar tana cikin jakarta a bayan mota, lasisinta a aljihunsa. Abin da ya kawo su shi ne idon Kawu ya daina haɗa saitin ƙarfe. In ya tsaida ido a kan saitin gaba sai abin harbin ya dushe, in ya koma kan abin harbin sai saitin baya ya ɓace masa. Likita ya ce girma ne kawai. Ni kuwa ban yarda mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana fita jeji ya rataye bindigarsa a kan wannan ba, alhali ga madubin saiti a kasuwa.

Bindigar CZ 452 ce, samfurin Lux, ƙirar ƙasar Cek daga masana'antarsu ta Uherský Brod, irin wadda mutanen nan ke ce wa harraza. Ƙaramin harsashi take ci, .22 LR, biyar a gidansa. Mai sakata ce: ka ɗaga hannun, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba ka kwantar. Ƙotarta katakon jauz ne, ya yi duhu ya yi santsi a daidai inda tafin Kawu ke riƙewa. Kafin kowa ya taɓa ta sai da ya zare gidan harsashi, ya buɗe sakata, ya leƙa da ido, ya sa ɗan yatsa, sannan ya miƙo mini. Haka yake yi ko da shi ya ajiye ta da hannunsa jiya.

Muna shan shayi gardama ta tashi. Auta ya zo da hotuna cike da wayarsa: a cire ƙotar katako a sa ta alminiyam baƙa mai naɗewa, a ƙara ƙafafu biyu a gaba, a sauya kunama, a sayo gidan harsashi mai cin goma, a ɗora madubi mai kusanto da abu sau ashirin da huɗu. Yaron yana da ido, kayan da ya zaɓo masu kyau ne, kuma ga mai kwanciya a tabarma yana harbin takarda a mita ɗari sun dace. Sai dai Kawu ba haka yake harbi ba. A tsaye yake harbi ko a durƙushe, bayan ya yi tafiya mai nisa da bindigar a kafaɗa, kuma abin da yake harbi bai cika wuce mita hamsin ba. Duk ƙarfen da aka ƙara shi zai ɗauka. Na ce ra'ayina a sauya abin da jikin Kawu ya nema kawai, a bar sauran. Kawu ya ajiye kofi ya dube ni ya ce, "Ɗana ya faɗi gaskiya. Riga a jikin mai ita ake auna ta." Auta bai ji daɗi ba, amma ya biyo mu shago.

A shagon ne aikin ya fara nuna wuyarsa. Madubin bai ba mu wahala ba. Mun ɗauki ƙarami, mai kusantowa daga sau biyu zuwa sau bakwai, bakinsa milimita 32, wanda aka yi musamman domin ƙaramin harsashi. Irin waɗannan an daidaita ganinsu a wajen yadi hamsin, na manyan bindigogi kuwa a yadi ɗari, shi ya sa in ka ɗora na babba a kan harraza kuma idonka ya ɗan goce daga tsakiya, sai alamar saiti da ke cikin madubin ta yi maka ƙarya a kusa. Zobban da ke riƙe madubin su ne suka tsayar da mu. Layin da ake maƙala su a saman wannan samfurin faɗinsa milimita 11 ne, amma rabin zobban da ke cikin shagon na awon Amurka ne, kashi uku cikin takwas na inci, wato kusan milimita tara da rabi. A ido kamar ɗaya suke. Za su ma kama in ka matse, amma a karkace za su zauna, kuma sannu a hankali su ci gefen ƙarfen. Na sa mai shago ya kawo ma'auni muka gwada a gabansa.

Sai batun tsayi. Hannun sakatar 452 yana tashi sama sosai, kwata guda na da'ira, ba kamar sabuwarta 457 ba da aka rage tashin zuwa digiri 60. In zobban gajeru ne, hannun zai daki gindin madubi, bakin madubin kuma ya zauna kan saitin baya na ƙarfe. Kawu ya ƙi a cire wannan saitin, na kuma goyi bayansa, domin ranar da madubi ya bugu da dutse shi za a koma wa. Dole muka ɗauki dogayen zobba.

Dogayen zobba kuma suka haifi wata matsalar, ita ce ma ta fi cin lokacinmu bayan mun dawo gida. Bayan ƙotar Lux a ranƙwafe yake, an sassaƙa shi ne domin ido ya faɗa kan saitin ƙarfe. Da madubi ya hau sama, sai kuncin Kawu ya rabu da katako, haɓarsa kaɗai ke taɓawa. Wanda kansa ke lilo a iska ba zai maimaita harbi biyu a wuri ɗaya ba, komai tsadar madubinsa. Mun sayo matashin kunci na fata mai ɗaurin igiya, da 'yan soso da ake cusawa a ƙarƙashi. Na ce, "Kawu, ku rufe ido, ku ɗaga ta kamar kuna jeji, ku kwantar da kunci, sannan ku buɗe." Ya buɗe ya ce baƙi yake gani ta sama. Muka ƙara soso. Muka yi ta yi, ana ƙarawa ana ragewa, har ya buɗe ido ya ga da'irar a cike ba tare da ya motsa wuya ba. A nan kuma muka ja madubin baya kaɗan zuwa inda idonsa yake, maimakon shi ya riƙa miƙa wuya yana nemansa. Ya ce tsayin ya yi, amma fatar ba ta yi masa ba. Zai kai awon wa wani baduku a Makka ya ɗinka masa da jar fatar akuya irin ta Sakkwato.

Don alamar cikin madubin ta tsaya a miƙe, auta ya rataye zare da makulli a ƙofar falo, muka daidaita layin tsaye da zaren. Sukurorin zobba na bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan gefe sannan wancan, ban matse da ƙarfi ba, domin bututun madubi siriri ne, yana lotsewa. Muka sa maratayi mai faɗi saboda kafaɗarsa. Kunama ban taɓa ba. Kawu ya san nauyinta a yatsansa shekara da shekaru, kuma cikin bindiga aikin mai gyara ne mai lasisi, ba na falon gida ba. Na dai ja kunnen auta a kan makullin kariyar wannan samfurin, mai hana bindiga tashi, wanda turawa gaba ke kulle shi, saɓanin yawancin bindigogi. Wanda ya saba da wata yana iya zaton ya kulle alhali ya buɗe.

Muka yi azahar, muka ci abinci, Kawu ya ɗan kishingiɗa.

Bayan la'asar muka tafi filin koyon harbi. Na zare sakatar gaba ɗaya, na kwantar da bindigar a kan buhun yashi, na leƙa ta cikin bututu har na ga tsakiyar takarda a mita 25, sannan na murɗa madubin ya zo wuri ɗaya. Wannan yana rage asarar harsashi. Kawu ya zauna. Harbin farko suka taru ƙasa ta hagu, amma a dunƙule, abin da nake son gani ke nan. Muka matsar da takarda mita 50. A wannan nisa abin da kowane ƙas na murɗin madubin ke matsar da wurin faɗuwar harsashi bai kai milimita huɗu ba, don haka sai an ƙirga da haƙuri. Da muka gama, rami biyar suka zauna a wurin da riyal ɗin ƙarfe zai rufe. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ga abin da nake harbi."

Auta ya nemi a gwada mita ɗari. Harsashin ya sauka ƙasa da kusan taƙi guda, kamar yadda aka san .22 mai matsakaicin gudu. Kawu ya ce shi ba zai harbi mai rai a wannan nisa ba. Mahaifinsa maharbi ne tun a ƙasar Hausa kafin ya biyo hanyar Sudan zuwa hajji, kuma abin da ya hore shi da shi shi ne ka yi bisimilla, ka harba sau ɗaya, in da sauran rai ka yi sauri ka yanka. Dabbar da ta gudu da rauni alhakinta na wuyanka. Ya ƙara wa auta da cewa ƙanƙantar harsashin nan kada ta ruɗe shi, yana wuce kilomita guda, kuma a ƙasa mai duwatsu irin ta Hijaz yana dukan dutse ya canza hanya.

A mota muka yi maganar izini. Cikin haramin Makka babu farauta ko kaɗan, wannan kowa ya sani, sai an fita nesa. Wajen harami ma sai da izinin cibiyar kula da namun daji ta ƙasa, ta dandalinsu na intanet mai suna Fitri, kuma a 'yan shekarun nan lokacin yana buɗewa ne 1 ga Satumba ya rufe ƙarshen Janairu, da jerin abin da aka yarda a harba da wuraren da aka hana. Auta ya ɗauki nauyin cike masa a waya cikin makon nan. Kafin su kama hanya bayan isha'i na goge ƙarfen da ɗan mai, saboda raɓar Jidda a watan Agusta ba ta jiran kwana biyu, na kuma ba su sauran kwalin harsashin da muka yi saiti da shi, na ce in zai ƙaro ya nemi irinsa, domin in an canza kamfani sai an sake saiti.