Abin da na gani a ɗakin littattafan Khuda Bakhsh

Duk wanda zai je Indiya duba littattafan Larabci na rubutun hannu, ya fara neman ɗan Farisanci ya sa a aljihu. Dala'ilul Khairati ne ya kai ni birnin Patna na jihar Bihar, ina son in gwada yadda marubutan can suka kwafe shi da yadda malamanmu suka yi. Matanin Larabci ne, ba gardama. Amma fassarar da aka ratsa tsakanin layuka da jan tawada, da bayanin gefe, da ɗan rubutun ƙarshe inda mai kwafa ke faɗin sunansa da ranar da ya gama, yawanci Farisanci ne, domin shi ne harshen fada da kotu a ƙasar har zuwa 1837 da Turawan Ingila suka sauke shi. Kuma abin da mai bincike ya zo nema galibi a gefen nan yake.

Ɗakin littattafan yana kan titin Ashok Rajpath, kusa da kogin Ganga. Wani lauya ne, Khuda Bakhsh Khan, ya gaji littattafai 1,400 daga mahaifinsa, ya yi ta saye yana ƙarawa har suka kai 4,000, sannan ya buɗe wa jama'a a 1891. Yau rubuce-rubucen hannu sun kai kusan 21,000, na Larabci da Farisanci da Urdu da wasu harsuna, kuma tun 1969 majalisar Indiya ta yi wa wurin dokarsa. Kabarin Khuda Bakhsh ma a harabar yake. Baƙi sun fi tambayar tarihin zuriyar Taimur mai zane-zane da aka yi a zamanin Sarki Akbar, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerinta na muhimman rubuce-rubucen tarihin duniya a 2011, da diwanin waƙoƙin Hafiz, mawaƙin Farisanci, da sarakuna Humayun da Jahangir suka yi rubutu a gefensa. Ni dai ba su suka fi tsaya mini a rai ba.

Fihirisa, wato jerin bayanin littattafan da ke ɗakin, ita ce ta kama ni. Tun 1908 aka fara buga ta juzu'i-juzu'i, kuma kowane littafi an ba shi haƙƙinsa: yawan warƙoƙi, layi nawa a shafi, girman takarda, irin rubutu, kalmomin farko, wanda ya kwafa, hatiman waɗanda suka taɓa mallakarsa. Kafin a nuna maka komai, ka riga ka san abin da za ka tarar. Littafin da ba a rubuta bayaninsa ba, ko a cikin akwatin ƙarfe yake, ranar da ya ɓace ba wanda zai iya cewa ga abin da ya ɓace.

Karatun kansa sai da ido ya saba. Mu da muka tashi da rubutun allo, fa'un ɗinmu ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Can kuwa nasta'aliƙ ne, kalmomi suna gangarowa a karkace, ga kuma wani da suke kira shikasta, wanda mai shi kan haɗe haruffan da ba sa haɗuwa, ya zubar da ɗigo inda ya ga dama. Lambobin 4 da 5 da 6 ma siffarsu daban ce. Wani mai kwafar sai ya bar dubu, ya rubuta 85 yana nufin 1085, wani kuma ya ba ka shekarar sarautar sarki kawai, kai ka je ka lissafa.

Inda na fi jin daɗi shi ne ramzi. Kamar yadda mawaƙan Sakkwato ke ɓoye shekara cikin kalma a baitin ƙarshe, haka mawaƙan Farisanci da Urdu ke yi, har ma sun fi mu ƙawata abin. Kowane harafi da lambarsa, sai dai lissafin ba ɗaya ba ne. A namu na Magrib, harafin shin 1,000 ne, shi ya sa ramzin ƙarni na sha uku na Hijira ke yawan farawa da shin da ra, wato 1,200. A nasu shin 300 ne, gain ke riƙe da 1,000. Sin a wurinsu 60, a wurinmu 300. Wani dattijo da muke zama teburi ɗaya, da na zana masa jerin namu a takarda, ya jima yana kallo, ya ce, "Ɗana, ashe ku da mutanen Fas ta Maroko hanyarku ɗaya." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Wajen adanawa, damina ce babbar abokiyar gabarsu: laima, funfuna, da ƙwarin da ke huda takarda. Mutanen da can sukan sa busasshen ganyen darbejiya tsakanin shafuka. Na kuma ga ɓarnar da koren launi na tagulla ke yi. Layin adon da aka zagaye rubutu da shi yakan cinye takardar a hankali, har tsakiyar shafin ya rabu da gefensa kamar an bi shi da reza. Masu gyara suna liƙa irin wannan da siririyar takardar Japan da kunun sitaci, don wani ya iya warwarewa gobe in buƙata ta taso. Salatif kuwa ko kusa.

Da na dawo, na sauko da gafakar kakanmu. Namu littattafan ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a sake, kalmar nan da ake rubutawa a ƙasan shafi ita kaɗai ke nuna wanda ke biye. Rabon gado ya riga ya raba wani littafin Ashafa gida biyu, rabi a Kano, rabi a Damagaram. Yanzu kowane littafi ina yi masa kati: farkonsa, ƙarshensa, yawan warƙoƙi, alamar wata uku in ta fito da na ɗaga takardar ga haske, sannan in ɗauki hoto da waya. Akwati na biyu yana ɗakin Baffa, kuma har yau cewa yake in bari sai bayan Sallah.