Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fumfuna a Cikin Ɓargo

Makon jiya na yi alkawarin shiga shekarun da aka mayar da ni sashen jini, amma maganar marigayi malaminmu, Allah ya jiƙansa, ta hana ni sakat. Da ya ɗora gilashi a madubin gwaji sai ya ce, "Kama da wane ba ta wane." A kan Histoplasma ya fi faɗinta.

Fumfuna ce mai zama a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya taru, ana shaƙar ta cikin ƙura. Mai ƙoshin lafiya galibi bai ma san ta shige shi ba. Wanda garkuwarsa ta faɗi kuwa, kamar mai HIV da CD4 ɗinsa (ƙwayoyin garkuwar jiki da ake ƙirgawa a jini) ya sauka ƙasa da 150, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko wanda ya daɗe a kan steroid, fararen ƙwayoyin jinin da suka haɗiye ta ba sa iya kashe ta. Su ne ma ke ɗaukar ta daga huhu zuwa hanta da saifa da ɓargo. Idan ta kai ɓargo komai sai ya yi ƙasa: jan jini, farin jini, har ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini.

Zazzaɓi na makonni, rama, gumin dare, tari. Wa zai ji wannan bai ce tarin fuka ba? Nan takaicina yake. Sai a ɗora mutum kan maganin tarin fuka, ana ta yi masa ƙarin jini, jinin yana komawa, babu mai cewa a duba ɓargo. Ga saifa ta kumbura, ga LDH da ferritin, sinadaran da ake aunawa a jini, sun yi tashin gwauron zabi, duk a rubuce a fayil.

Ɗibar ɓargon ba wani abin tsoro ba ne. Majinyaci ya kwanta a gefe, a kashe wurin da allura, a shiga ƙashin ƙugu ta baya. Zuƙar farko kada ta wuce rabin mililita, don in aka ja da yawa jini ke tsinka ta, kuma a shafa a gilashi nan take kafin ta daskare. Zuƙa ta biyu ita ake shukawa, wato a rene ta a ɗakin gwaji a ga ko fumfunar za ta tsiro. Da rinin Giemsa za a ga ƙananan ƙwayoyi, maikron 2 zuwa 4, cunkushe cikin farar ƙwayar jini. Leishmania ma, wata ƙwayar cuta da ba fumfuna ba, haka take zama, sai dai tana da ɗan ɗigo na biyu kusa da cibiyarta, kuma rinin azurfa ba ya kama ta. Kama da wane ke nan. Samuel Darling kansa, da ya fara bayyana cutar a Panama a 1906, bai ɗauke ta fumfuna ba, balle ɗalibi. Shukar takan kai mako 4 zuwa 6, kuma dole a gargaɗi masu ɗakin gwaji, domin abin da ke tsirowa shaƙarsa haɗari ne.

Yaran yanzu da ke da gwajin fitsari mai ba da amsa da wuri ba su san wahalar jiran shuka ba. Sai a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar maganin cutar ga masu HIV, malam bai ga wannan ba. Mai tsanani ana ba shi liposomal amphotericin B, miligiram 3 a kowane kilo kullum, mako 2. A ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100 ake haɗa shi, ruwan gishiri yana sa shi guda-guda. Ruwan gishirin daban ake ɗaurawa kafin maganin don kare ƙoda, a riƙa auna potassium da magnesium saboda yana zubar da su. Daga nan itraconazole, miligiram 200 sau 3 a rana na kwana 3, sannan sau 2 a rana har wata 12.

Ga inda kuskuren farko ke sake cizo. Rifampicin na maganin tarin fuka yana sa hanta ta ƙone itraconazole, ya kusa ɓacewa daga jini. Mutum yana shan magani a kan lokaci, cuta tana dawowa, a ce shi ne ba ya sha. Efavirenz, maganin HIV, ma yana rage shi. Kafson itraconazole yana son ciki mai abinci da tsami, don haka omeprazole, maganin rage tsamin ciki, yana hana shi shiga jiki, na ruwan kuma kafin cin abinci ake sha. Akwai masu ɗauke da cututtukan biyu a lokaci guda, su dole a auna yawan maganin a jininsu bayan mako 2 da farawa.