Abin da zanen talla ya koya min game da masu sukar talla

Ni dai sana'ata zanen allon shago ne da rubutun talla a bango, kwalbar lemo, gwangwanin madara, buhun shinkafa, duk abin da mai kaya ya ce a zana. Sai da na koma karatun zane-zane na san cewa akwai masu zane a Amurka da Turai da China da suke zana irin kayan nan sak, amma su niyyarsu sukar yadda mutane suka haukace da siye-siye, a siya yau gobe a yar a sake siyo wani.

Wanda ya fi tsaya min a rai James Rosenquist ne, saboda shi ma ɗan sana'armu ne, manyan allunan talla yake fentawa a New York kafin ya bari a 1960. Zanensa mai suna F-111, da ya yi tsakanin 1964 da 1965, tsawonsa ƙafa 86 ne, jirgin yaƙi ne ya miƙe tun daga farko har ƙarshe, sannan ya cusa masa taliya da miyar tumatir, da tayar mota, da ƙwan fitila, da wata 'yar yarinya tana murmushi a ƙarƙashin injin busar da gashi. Lokacin ana yaƙin Vietnam ne fa, mutumin yana nuna cewa jin daɗin da ake siya a kanti da kuɗin ƙera makamai duk aljihu ɗaya ne. Amma ni abin da na lura da shi a matsayina na mai riƙe burushi, hannun talla ya yi aiki da shi. Jan nan mai ɗaukar ido, ƙyallin nan da muke sa wa kaya don mutum ya ji yana so, bai rage komai ba. Ashe in za ka soki kwaɗayi sai ka fara tayar wa mai kallo da kwaɗayin tukunna, in ba haka ba ko tsayawa ba zai yi ba.

Andy Warhol kam gaskiya ban yarda suka yake yi ba. Gwangwanayen miyar Campbell's guda 32 da ya nuna a Los Angeles a 1962, wasu na cewa ba'a yake wa Amurkawa, ni kuwa ina ganin mutumin son kayan yake yi kawai, shi ma ai daga zanen tallar takalma ya fito. Wang Guangyi na China ya fi shi fito da maganarsa fili, tun wajen 1990 yake ɗauko hoton ma'aikata da sojoji irin na fastocin zamanin Mao, tsohon shugaban China, ya manna musu tambarin Coca-Cola a kai, wato farfagandar gwamnati da ta kamfani hanyarsu ɗaya wajen shiga kan mutum.

To sai ɓangaren da ya fi ba ni dariya, kasuwa ba ta jin zagi wallahi. Banksy, wani mai zanen bango ɗan Ingila, ya kwaikwayi zanen tafkin furanni na Monet, shahararren mai zane ɗan Faransa, a 2005 ya jefa kekunan siyayya na kanti a cikin ruwan, sai ga shi a 2020 an yi gwanjonsa a kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Landan sama da fam miliyan 7. Wani zanen nasa da ya sa wa na'ura ta kekketa shi a gaban masu gwanjo a 2018, lokacin kuɗinsa fam miliyan 1 da ɗoriya, da aka dawo da kekketaccen a 2021 sama da fam miliyan 18 ya yi. Kura ce, ka zage ta, ta karɓi zagin ta kai kasuwa ta sayar.

Da aka ba mu aikin ƙarshen zango na ce bari in gwada da abin da nake gani kullum, kwata da ta toshe da ledar fiyawota da robar lemo da baƙar leda. Zane biyu na yi, na farko na yi shi da launin datti yadda yake a zahiri, 'yan ajinmu suka kalla suka wuce, ai kowa ya saba gani a ƙofar gidansu. Na biyu na yi masa irin aikin da nake wa kwastoma, kowace roba da raɓar sanyi a jikinta tana ƙyalli kamar yanzu aka ciro ta daga firij, ja da ruwan ɗorawa ko'ina, sai mutum ya matso sosai zai gane ashe bola yake sha'awa. Wannan shi ya tara mutane, har gardama aka yi a kansa.

Wani mai kanti da nake wa aiki ya gani a wayata ya ce in yi masa irinsa a bangon wajen firjin lemonsa, amma in cire kwatar in bar robobin. Mun yi ciniki, na yi masa, kuɗin na biya na rajistar zango na gaba da shi.