Wasiƙa daga Bamingham: "Put" da 'yan rakiyarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ana kuma aikin kaka cikin rufin asiri. Mu nan sanyi ya fara leƙowa, rana kuma tana saurin faɗuwa kamar ana korar ta.

Jiya Asabar da yamma maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya, ta leƙo ta saman shinge ta ce kada in manta, "put the clocks back". Al'adar ƙasar Birtaniya ce: ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, da ƙarfe 2 na dare, ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai Lahadin ƙarshe ta Maris a sake tura shi gaba. Na yi mata godiya na shiga ɗaki ina murmushi, don na tuna irin wahalar da wannan 'yar kalma mai harafi uku, "put", ta ba ni tun zuwana. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarinta, musamman ɗalibai da malaman Turanci, abokan tsohuwar sana'ata.

Shekara shida na yi ina riƙe da alli a makarantar sakandare, kuma a ganina na iya Turanci. Mun taso da manyan kalmomi, su "postpone", "tolerate", "extinguish", "accommodate". Wanda ya fi jero su shi ne gwani a muhawara. Da na zo nan sai na tarar a bakin direban bas da mai kanti da ma likita ba ka cika jin su ba. Ɗage taro "put off" ne. Haƙuri da halin mutum "put up with". Kashe gobara "put out". Ba baƙo masauki "put up". Aikatau ɗaya ne, 'yar kalmar da ke bin sa ce take juya shi yadda ta ga dama.

Kunyar farko a wurin aiki na sha ta. Maiɗakina ta sauka lafiya a gida, na je da fara'ata na shaida wa shugabar sashenmu, "my wife has put to bed". Ta tsaya tana kallona tana jiran ƙarashen magana, can ta ce, wa ta kwantar? Ashe wannan Turancinmu ne na Najeriya. Su a nan "put the baby to bed" kwantar da yaro ya yi barci ne kawai, babu ruwansa da haihuwa. Wannan da sauƙi, dariya aka yi, aka taya ni murna.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta karen tsohuwar nan. Kare ne da ya tsufa tuguf, yana jan ƙafa ɗaya, kullum yana kwance bakin ƙofarta. Wata safiya na ga babu shi, na tambaya. Ta ce, "I had to have him put down." Ni kuwa a kaina "put down" ajiyewa ne, kamar ka sauke kaya daga ka. Sai na ce to madalla, yaushe za ki je ki ɗauko shi? Baiwar Allah ta sa gefen rigar sanyinta tana share ido, ta juya ta shige gida. Sai da yamma wani ɗan Gana da muke haya tare ya fahimtar da ni cewa likitan dabbobi ne ya yi wa karen allurar da ba a tashi. Washegari na je na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta kuma ce bari ta "put the kettle on", wato ta ɗora ruwan shayi. A ƙasar nan wannan ita ce shimfiɗar tabarma.

To, akwai tsari a cikin abin, ba haka kawai yake ba. 'Yan rakiyar nan iri biyu ne, ko da yake sau da yawa fuskarsu ɗaya. Ɗauki "on". In ka ce "put on your coat", sa rigarka, kana iya raba su ka ce "put your coat on", ma'ana ba ta canja ba. Nan "on" bayanau ne, abokin aikatau ne, yana iya tsallake suna ya koma bayansa. Amma a "put the cup on the table", "on" na tebur ne, aikinsa nuna inda aka ɗora kofin, kuma ba ya rabuwa da sunan da ke gabansa. Ga kuma tarkon da ɗalibaina suka riƙa faɗawa, ni ma ban tsira ba: da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya. "Put it off" ake cewa, "put off it" kuwa ko yaron firamare a nan zai ji ta yi masa banbaraƙwai. Sai masu kalma uku irin "put up with", su ba a tsaga su ko kaɗan: "put up with him". Ka yar da "with", ka matso da mutumin tsakiya, ka ce "put him up", ka tashi daga jure masa ka koma ba shi ɗakin kwana.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Tun 1755 Samuel Johnson ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa cewa wannan haɗi na aikatau da 'yar kalma shi ne ya fi ba baƙi wahala a Turanci. Dalilin da harshen ya zama mai hawa biyu kuwa, manyan kalmomi da gajeru, tarihi ne. Bayan Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da malamai, talaka ya ci gaba da gajerun kalmominsa. Kamar dai malamin zaure ya ce wane ya yi wafati, mutumin kasuwa ya ce ya rasu. Abin dariya, ita kanta "postpone" in ka fasa ta a Latin, "post" baya ne, "ponere" ajiyewa. Kusan "put off" ɗin ce ta sha rawani.

Ni dai a ganina kuskurenmu a aji shi ne ɗaukar waɗannan a matsayin Turancin marasa ilimi, ko kuma mu rubuta su jeri guda a allo mu ce a haddace kafin jarrabawa. Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ba. Dubi "sa" namu: sa baki, sa ido, sa rai, sa hannu, sa rana, sa kai. Wane Bature ne zai ji "sun sa rana" ya gane biki ake nufi? Bambancin kawai mu suna muke liƙa wa aikatau, su kuma 'yar kalmar wuri. Kuma babu wanda ya koyi "sa baki" daga jeri, a rigimar maƙwabta muka ji ta. Da zan koma aji yau, da labarin karen nan zan fara, na tabbata babu ɗalibin da zai sake manta "put down".

Af, kafin in manta. Tunda mun mayar da agogo baya, daga yau har ƙarshen Maris kuna gabanmu da awa ɗaya, ku da mutanen Nijar. Masu kira bayan sallar asuba, don Allah a ɗan saurara, lokacin ni ko alwala ban yi ba. A gaishe mini da kowa da kowa.