Yadda boris ɗin injin yankan ciyawa ya kusa tona min asiri

Ƙarshen Oktoban bara ne, ruwa ya ɗauke, kyasuwa da gamba sun kai yanka, Alhaji ya ce in an ƙara sati biyu ciyawar za ta zama kara shanu ba za su kalle ta ba. Injin namu tokumbo ne, irin mai faranti shida da ake maƙala wa a bayan tarakta, PTO, wato ƙarfen bayan tarakta da ke juya injin, na juyawa 540 amma su farantan suna yin wajen 3000 a minti ɗaya, to ka ga abin da ke gudu haka ba ya son wasa.

Rana ta biyu da hantsi na fara jin ƙauri kamar an bar tukunya a wuta. Na kashe PTO na kashe tarakta na jira wuƙaƙen suka tsaya cak, sannan na bi farantan ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu. Biyar ɗumi ne kawai, na uku kuwa da na tofa masa yawu sai da ya ce cuu.

Ni a tunanina ai ƙarancin mai ne, me kuma zai sa ƙarfe zafi? Na buɗe na ɗura man giya lamba 90 a cikin sandar da farantan suke kai har sai da na ga ya kusa baki, ina ta jin kaina injiniya. Wallahi ko minti 20 ban yi ba sandar gaba ɗaya ta ɗau zafi tun daga wannan kai har wancan, mai na tsartuwa ta gefe, ga busasshiyar ciyawa ta taru a kai, gabana ya faɗi don da wuta ta tashi a filin nan ban san da bakin da zan yi wa Alhaji bayani ba.

Dole na kira wani tsohon makanike da ya daɗe yana gyaran kayan gona. Ya zo a babur ya tsuguna ya tsoma tsinke a ramin man ya ciro ya kalle ni.

"Ɗana, miya ka zo yi ne?"

Na ce Baba ai gani na yi yana zafi. Ya ce man da ake so a ciki bai kai tsawon farce ba, kuma sai an daidaita sandar a kwance sosai ake aunawa, in ya yi yawa giyoyin suna ta kaɗa shi ne kamar ana burga nono, ya yi kumfa ya rasa inda zai je, zafin daga nan yake fitowa. Haka ma giris, in ka danna wa boris har ya cika fam zafi zai yi, wani lokacin ma ya ture sil ɗin, wato robar da ke hana mai fita da ƙasa shiga, waje. Muka zubar da fiye da rabi ina kallo, kuɗina ne fa na saya.

Amma asalin ciwon yana ƙarƙashin faranti na uku. Baba ya kama shi ya girgiza, sai ƙwas ƙwas, sauran ko motsi. Da muka cire shi zaren buhu ne da leda da wani guntun waya sun naɗe shaf ɗin, wato ƙarfen da ke juya farantin, zafi ya narkar da su sun zama kamar ƙaho, sun cinye sil ƙasa ta samu hanya. Boris ɗin ya yi shuɗi-shuɗi, in ka juya shi da yatsa kamar ana niƙa tsakuwa. Filin kusa da hanya yake, duk ledar da iska ta kwaso a nan take sauka, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Saura wauta ta biyu, wannan ita ta fi min ciwo. Na shiga kasuwa na samo boris mai araha, lamba dai ta yi daidai, ban jira Baba ba na sa guduma na buga shi ta zoben waje har ya zauna a shaf. Kwana biyu ya yi ya fara kuka. Ashe in a shaf za ka sa, zoben ciki ake dannawa da guntun bututu daidai girmansa, in ka bugi na waje ƙwallayen ne ke shan dukan su lotsa hanyarsu tun kafin a fara aiki. Kuma tsohon boris ɗin akwai C3 a bayan lambarsa, wato mai ɗan sarari a ciki saboda in ya ɗumama ya buɗe kar ya cije, ni ko kallon wannan ban yi ba. Na koma na sayo na kirki da sabon sil, kusan ninki uku na kuɗin wancan.

Yanzu kullum da safe sai na leƙa ƙarƙashin kowane faranti da ƙugiyar waya na zaƙulo zare, na girgiza su, in na yi zagaye biyu uku na tsaya na taɓa. Yara biyu nake ba ɗan na goro su riga ni shiga fili suna tsince leda. Mun gama yankan da kwana 5 a makare, gefen gamban ya riga ya tsufa, shi Alhaji ya ce a bar wa shanu su shiga su ci abin da za su iya.